Malama Sikeli da Gishirin da Ba Gishiri Ba

Mataimakin shugabar makarantar 'yan mata, kai ne ka ba da abin da ya kwantar da 'ya'yan mutane, kai ne ka bari aka ɗora wa ƙanwata laifin, kuma kai ne ka hana a tara ko mutum biyar a yi wa Malama Sikeli sallama ranar da ta ajiye aiki. Ban yi boko ba, sawa na yi a rubuta mini, na kuma ce kada a gyara mini baki. Tunda kun ƙi yi mata godiya, ni zan yi, ko da yake Allah ya sani ba da sauƙi take fita daga bakina ba.

Malama Sikeli dai malamar kimiyyar sinadarai ce a wannan makaranta ta kwana, kuma yara ne suka laƙa mata sunan. Tun tana budurwa ta shiga ɗakin gwaji, ba ta fito ba sai da furfura. Maigadi ya ce bai taɓa buɗe wa wani ƙofa kafin ita ba. Za ta shigo da jakarta mai tsinkakken hannu, ta buɗe tagogi, ta sa farar rigar aikinta wadda duk hannunta ya huje da ɗigon ruwan batir, sannan ta je gaban sikelin nan nata da ke cikin akwatin gilashi, ta share shi da ɗan buroshi kamar mai share idon jariri. Kowace kwalba a ɗakin da sunanta a goshi. Idan yarinya ta ce mata, "Malama, kamar cokali ɗaya ne," sai ta ce, "A ɗakin nan ba mu da kamar. Je ki auna." Ba ta duka, ba ta ɗaga murya. Ta dai tsaya a kanki har ki auna.

Yaran da suka bi ta hannunta yanzu wasu suna ba da magani a asibiti, wasu suna gwada ruwan da muke sha. Idan suka zo ziyara da motocinsu, sai su wuce ofishin Mataimaki da labulensa da fankarsa, su nufi ɗakin da ke warin ashana, su durƙusa. Shi kuma yana leƙe ta taga. A shekara ɗaya suka fara aiki, shi da Malama. Shi ya samu kujera da makullan sito, ita ta samu yara, kuma har yau bai yafe mata wannan rabo ba. In ta nemi kayan gwaji sai ya ce ba su iso ba. In ta nemi a gyara famfo sai ya ce a bari sai baɗi. Masu shara ma sun san zancen, har suna kwaikwayon yadda yake taɓe baki in an ambaci sunanta.

Ba zan ɓoye ba, ni ma ba na son jin sunan. Ƙanwata ita ce babbar mai dafa abinci a makarantar, yara suna ce mata Inna Ludayi. Ni na goye ta bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni na koya mata hura wuta, ni na yi mata gara. Amma kullum ta dawo daga aiki, ba ta da zance sai na Malama. Malama ta ce a rufe tulu. Malama ta ce kada a zuba kananzir a kwalbar lemo. Malama ta gaishe ta da Inna a gaban baƙi. Na ce mata, "To ki koma gidan Malama mana, ta haife ki sabo." Sai ta yi dariya ta ce, "Yaya, ke dai kishi ya hana ki ƙiba."

Abin ya samo asali ne daga wata doka. Mataimaki ya shiga kicin wata rana ya tarar da Inna Ludayi ta ɗiga miya a tafin hannu tana lasa. Ya ce ashe haka masu girki suke cinye naman yara. Ya kafa doka cewa duk wadda aka sake gani ta kai hannu baki a kicin, ta kama hanyar gida. Mai girkin da aka hana ɗanɗano, me ya rage mata? Sai hannu. Inna Ludayi ta san yawan dunƙulen gishirin da kowace babbar tukunya take ci, ta ci gaba da zubawa da ƙiyasi, kuma abincin bai taɓa ɓaci ba.

Ranar da gishiri ya ƙare, Mataimaki da kansa ya buɗe sito, ya ciko bokiti da wani farin abu daga buhun da rubutunsa ya goge, ya dire mata. Ta damƙa ta duba.

"Ranka ya daɗe, wannan ƙwayoyinsa dogaye ne, kamar fasasshen gilashi."

"Na zamani ne. Ke dai zuba, yara suna jira."

Ta so ta lasa. Ta ɗago ido ta ga yana tsaye a bakin ƙofa, sai ta zuba.

Yara sun ce miyar da ɗaci kuma lami, amma yunwa da barkono suka tura ta. Kafin la'asar layin banɗaki ya kai bakin filin wasa. Ƙananan cikinsu sai da aka kai su asibiti aka sa musu ruwa. Allah ya kiyaye, babu wadda ta rasu. Iyaye suka cika makaranta, shugaba ta rasa inda za ta sa kanta, sai Mataimaki ya ba su abin da suke nema. Ya ce tun da ya hana mai girki lasar miya take ƙullace da makaranta, wa ya san abin da ta ƙunso daga gida a gefen zane. A ranar aka karɓe mata rigar aiki.

Rashin aikin bai kai abin da ya biyo baya ciwo ba. Matar da ta yi rayuwarta tana ciyar da ɗaruruwan yara, sai ga shi babu mai cin abin hannunta. Ta aika wa maƙwabciya kwano, aka dawo da shi a rufe, wai sun ƙoshi. Surukarta ta karɓe murhu da ladabi, tana cewa, "Inna, ki huta, ai kin yi naki." Wata safiya ta miƙa wa jikanta ɗan biredi, uwarsa ta janye hannun yaron ta ce bai wanke baki ba. Inna Ludayi ta ajiye biredin. Ta koma ɗaki ta zauna bakin gado, hannuwanta a cinya, tana kallonsu kamar na aro.

Ni kuwa na je ƙofar makaranta na yi ta zagi har muryata ta dushe. Maigadi ya ba ni ruwa ya ce in yi haƙuri. Iyakar abin da na iya yi wa ƙanwata ke nan.

Sai ga Malama Sikeli a gidan ƙanwata, da jakarta mai tsinkakken hannu. Ashe a ranar da abin ya faru, yayin da kowa ke ihu a ofis, ita kicin ta nufa, ta ɗebi ragowar farin abin nan daga bokiti kafin a wanke, ta rufe a kwalba a gaban sauran masu girki. Ta nuna wa Inna Ludayi.

"Inna, shi ne kika zuba?"

"Shi ne."

"To ku zo ɗakin gwaji ranar da ba karatu. Ina so a yi a gabanku."

Na ce, "In kin san ko mene ne ki faɗa mana a nan, ba sai kin kai mu kallon kwalabe ba."

Ta dube ni ba tare da fushi ba, ta ce, "Babbar Yaya, ina da zato. Amma da zato aka kore ta, ba zan wanke ta da zato ba."

Na bi su ne don kada a ce ba na nan. Inna Ludayi ta shiga ɗakin a ɗarare, ta cire takalmi a bakin ƙofa, Malama ta ce ta mayar, akwai fasassun kwalabe. Ta zaunar da mu a kan dogayen kujerun yara, ƙafafuna suna lilo, raina a ɓace.

Ta fara da auna ɗan kaɗan a sikeli, ta zuba a wani ɗan farin kasko, ta ɗora a wuta. Abin ya fara zufa, ya jiƙe, ya yi tururi, sannan ya bushe ya zama gari. Ta bari ya huce ta auna, ta sake gasawa ta sake aunawa, har nauyin ya daina sauka.

"Inna, in kika soya gishiri a busasshen kasko, me yake yi?"

"Tsalle yake yi yana ƙara. Ba ya ruwa."

"Ba ya kuma ragewa. Wannan ya zubar da rabin nauyinsa da ɗan ɗoriya, duk ruwa ne ya ɓoye a jikinsa. Ke nan ba gishirin miya ba ne. Saura mu san sunansa."

Na ce, "Sai ki tambaye shi."

Ta ce, "Abin da za mu yi ke nan." Sannan ta juya ga Inna Ludayi. "In aka ba ki jaka a ɗaure aka ce dozin ɗaya ne a ciki, kika ɗaga, za ki gane ko ƙwai ne ko kabewa?"

"Ko ido a rufe."

"To mu ma muna da dozin ɗinmu, mol muke ce masa, sai dai ƙwayoyinsa sun fi ƙarfin ƙirga. Kowane gishiri a duniya, dozin ɗinsa da nauyin da aka san shi da shi. In na san nauyin garin nan, na kuma san dozin nawa ne a ciki, zan san nauyin dozin ɗaya. In na san wannan, na san sunansa."

"To yaya za ki ƙirga abin da ba ya ƙirguwa?" in ji Inna Ludayi. A lokacin na lura ta manta da baƙin cikinta, ta miƙa wuya kamar 'yar aji ɗaya. Ni da na yi ta lallashinta a gida ban ga ta ɗago kai haka ba.

Malama ta narkar da garin a ruwa mai tsabta, ta ɗauko wata kwalba ta ɗiga. Nan take ruwan ya yi fari kamar an zuba madara. Ta ce kowane gishiri ɓari biyu ne a haɗe, kuma wannan farin ya nuna ɓari ɗaya, wanda suke kira salfet. Abin da ke cikin kwalbar tata yana kama salfet ɗaya bayan ɗaya, ba ya ɗaukar biyu, ba ya barin ko ɗaya, su nutse tare zuwa ƙasa. Ta ci gaba da ɗigawa har farin ya daina fitowa, ta tace shi a takarda kamar mai tace ƙullu, ta sa a busar. Ta ce nauyin dozin ɗin wannan laka sananne ne, don haka in ta auna ta za ta san dozin nawa aka kama, kuma yawansu shi ne yawan dozin ɗin garinmu.

Sai da muka sake dawowa bayan lakar ta bushe. Mun tarar ba sau ɗaya ta yi ba, ta jera kasko uku, duk don kada a ce kuskure ne. Ta auna, ta yi rabawa a allo, duka ukun suka ba da amsa ɗaya.

"Dozin ɗin garin nan giram ɗari da ashirin ne. Na gishirin miya bai kai sittin ba. A cikin ɗari da ashirin ɗin, salfet ya ɗauki casa'in da shida. Saura nawa?"

Kafin in kama bakina na ce, "Ashirin da huɗu."

Ta yi murmushi ta ce, "Babbar Yaya, da an sa ki makaranta da mun shiga uku."

Na ji daɗi, na kuma ji haushin jin daɗin. Da a ce ni aka ba farar rigar nan tun ina yarinya, da ni ce zan tsaya gaban allo in wanke ƙanwata. Sai ga bare tana yi da alli, ni ina zaune ƙafa na lilo.

Malama ta ce wanda nauyinsa ya zo ashirin da huɗu a wannan gurbi ɗaya ne, magnesiyam. Gishirin wanke ciki ne, irin wanda ake ba mai ciwon cushewar ciki cokali ɗaya, sai aka zuba wa yara da hannu cike. Sannan ta ajiye allin, ta ce, "Inna, buhuna ne. Ni na sa a sayo shi don gwajin 'yan ajin ƙarshe da lambun makaranta. Tun farkon zango nake tambaya, Mataimaki yana ce mini bai iso ba."

Ashe ya iso. Mataimaki ya jefa shi ƙuryar sito don kawai kada aikinta ya tafi daidai, rufi ya yi yoyo a kansa, rubutu ya goge, shi kansa ya manta ko na mene ne. Hassadar da ya ajiye wa Malama ita ce ya ciko a bokiti ya ba ƙanwata.

Malama ta kai maganar taron malamai. Wata mai shara da ke goge taga ta ji komai, ita ta ba mu labari. Ta ce Malama ta faɗi abin da ta auna da abin da ta samu, ba ta zagi kowa ba. Mataimaki ya yi dariya ya ce, "Malama, an kusa ritaya, ido ya fara gajiya." Ta ce, "To ga ragowar, ga sikeli, a kira duk wanda aka yarda da idonsa." Babu wanda ya tashi. Shugaba ta ce yara sun warke, iyaye sun huce, kada a tono abin da ya kwanta. Da aka je sito, buhun ya yi ƙafa.

Daga nan aka daina gaishe ta a ofis. Aka ba wani malami ajinta na ƙarshe. Ranar da wa'adinta ya cika, aka ce babu lokacin taro saboda jarrabawa, alhali direban makaranta ma da zai tafi sai da aka kafa masa rumfa. Ta share sikelinta, ta rufe tagogi, ta miƙa makulli ga maigadi. Yara ne suka fito daga aji ba da izini ba, suka raka ta har bakin titi suna kuka.

Ba gidanta ta wuce ba. Gidan ƙanwata ta zo, ta ƙi shiga ɗaki, ta ce a shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida inda masu wucewa suke gani.

"Inna, yunwa nake ji. Kuma na hannunki nake so, ba na amarya ba."

Inna Ludayi ta tashi ta shiga kicin. Ta dafa shinkafa da miya, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta tsaya, ta sake lasa. Malama ta ci a bainar jama'a, ta nemi ƙari, ta kira jikan nan ta zaunar da shi kusa da ita suka ci tare, uwarsa tana tsaye tana kallo. Ni ma na ci a gidan tun ranar farko, amma ni yayarta ce, nawa cin ba wanda ya ɗauke shi shaida. Nata ne unguwa ta gani.

Malama, ke ce kika tafi kicin lokacin da kowa ya tafi neman wanda za a ɗora wa. Ke ce kika ƙi faɗin abin da ba ki auna ba, ko da don taimakon wadda kike so. Kin san faɗin gaskiyar zai ci miki sallamarki, kika faɗa. Uwar masu awo, na gode. Kin ƙwace mini ƙanwa, yanzu in ta yi mafarki mai kyau ke take fara gaya wa, kuma har gobe in ta ce Malama ta ce sai in yi tsaki. Amma na ga abin da kika yi da idona, ba zan rage miki ko ƙwaya ba. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma matasan malamai da kuka gaji ɗakin nan, ku yi koyi da ita, kada ku yanke wa mutum hukunci da kamar.

Sai dai godiya ba ta mayar wa ƙanwata rigar aikinta ba. A unguwa an fara karɓar kwanonta, amma a makaranta har yau sunanta matar da ta sa wa yara guba, kuma iyayen da suke garuruwa masu nisa da wannan labarin suka tafi. Malama tana nan da ranta, hannunta bai fara rawa ba, ta ce a shirye take ta maimaita awon a gaban kowa. Shugaba, ki sa rana, ki tara yara da iyayensu a filin da ake taron safe. A kira Malama ta auna. In ta gama, Mataimaki ya fito gaban yaran da ya kwantar, ya faɗa da bakinsa wa ya buɗe sito, wa ya ciko bokiti, wa ya ce a zuba. Ina nan ƙofar makarantarku kowace safiya har sai ya faɗa.